Labulen da Za a Rataya wa Teku

Takardu uku ɗan kwangila ya ajiye mini.
Ya ce, "Hasriani, zaɓi kafin Laraba,
Asabar za mu fara kafa turakun gada."
Labule uku, farashi uku.
Ya ɗora yatsa kan mai araha.
Bakinsa bai ce komai ba, yatsan ya gama magana.

Na naɗe takardun na gangara gaɓa.
A nan Takalar gonaki cikin ruwa suke,
igiya bayan igiya, gorunan roba na lilo a sama,
ciyawar teku na rataye tana shan haske.
Lakar da haƙarmu za ta tayar
ba ta yanka, ba ta ƙuna,
kwanciya kawai take yi kan ganye
har ya manta da rana.

Daeng Ngintang na zaune tana ɗaura iri a igiya,
gishiri ya cinye mata zanen yatsu.
Na karanta mata na farko:
mara nauyi, na ruwan da ke kwance.
Ta ce, "Yaushe kika ga tekun nan ya kwanta?"
Na biyu na kogi ne, mai bin hanya ɗaya.
Ta ce, "Namu ya shigo da kaya, ya fita da kaya,
in iskar yamma ta taso kuma ba ya jin sunansa."
Na ukun ban karanta ba.
Na san nauyin sarƙarsa, na san nauyin kuɗinsa.

Ta ba ni jikanta Sampara da kwalekwale
da doguwar gora mai tsaga-tsaga.
Da cikowa muka auna, gaba uku.
Da janyewa muka koma, gaba biyu da kamu.
Na ce zan sa a ɗinko mai tsawo
ya sauka har ƙasa, kada ko ƙwaya ta wuce.

Ta dube ni kamar na sa gishiri a shayi.
"Zanen da ke jan ƙasa shi ke kwasar datti.
Laka za ta zauna masa a leɓe,
ta ja, ta ja, har kan ya nutse,
sai ki wayi gari kina gadin igiya.
Bar wa ruwa kamu ɗaya a ƙasa ya yi numfashi.
Kada ki gicciya shi a gaban igiyar ruwa,
kwantar da shi kusa da ita kamar maƙwabci.
Anga kuma ciki da waje,
don wanda ya tura ki da safe
shi zai ja ki da la'asar."

A makaranta an koya mini wannan da lissafi.
Ban gane shi ba sai a bakin mai ciyawa.

Laraba na sa hannu kan na uku.
Ɗan kwangila ya yi tsaki, ya kirga, ya sake kirgawa.
Na ce, "Kirga igiyoyi ɗari huɗu na mutanen nan
da kwana arba'in da biyar na jira,
ka gaya mini wanne ne mai araha."

Yanzu rawayan layi na kwance a kan ruwa,
ya lanƙwashe kamar lauje.
Ciki ruwan ya koma kunu.
Waje kana hango ƙaguwa tana tafiyarta a karkace.
Jiya wani mahaɗi ya saki,
zaren laka ya silale yana neman gona.
Sampara ya nutsa da igiya a haƙori, ya ɗaure.
Ba a gama zaɓe ranar sa hannu, ashe,
kullum da asuba sai an sake.

Tsohuwa ta ɗebo ruwa a kwalba
ta ɗaga shi saitin rana, ta daɗe tana kallo.
Ba ta yaba ba.
Ta ce, "Ranar da kuka gama, kada ku yaye shi.
Ku bar lakar ta yi barci tukuna."
Ta koma kan igiyarta.